Wai Mai Mai Ne

Shekarun baya, ina koyarwa a wata CEG ta karkara a arewacin jihar Maraɗi, aka ɗora mini rakiyar ɗalibai 17 zuwa cibiyar jarrabawar BEPC. Tafiyar ba ta kai kilomita 70 ba, amma fiye da rabinta rairayi ne. Iyaye suka yi karo-karo aka ɗauki shatar Hilux ɗin wani ɗan kasuwa na garin, irin mai canza giya da kanta, wadda ya saya a gwanjon motocin wani furoje. Muka tashi bayan azahar ranar jajibiri, da tabarmi da buhun shinkafa da tukwane da mata biyu masu dafa wa yara abinci. Kafin la'asar ta yi sakaliya, muna tsakiyar hawan wani tudun yashi, sai wari ya tashi kamar ana ƙona roba. Inji yana ta kuka, mota ba ta motsi. Direba ya sa giyar gaba, shiru, ya sa ta baya, shiru. A nan muka kwana. Da asuba amalanke biyu da ƴan kabu-kabu suka kwashe mu, yara suka shiga ɗakin jarrabawa da ƙura a ka, babu barci, babu karin kumallo. Ba zan ce wannan ne ya kayar da waɗanda suka faɗi ba, Allah ne masani. Amma na ga yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajina tana gyangyaɗi a bakin ƙofa kafin a kira sunanta.

Da muka dawo na bi sawun maganar, don abin ya tsaya mini a rai. Ashe mako uku kafin tafiyarmu radiyatar motar ta tsage, aka kai ta gareji, aka samo wata ta hannu aka ɗaura. Wadda aka samo ta mota mai giyar hannu ce. Da aka gama ɗaurawa sai ga bututu biyu sun rage, sun fito daga akwatin giya, babu inda za su shiga. Sai aka yanko tiyo aka haɗa bakinsu da juna. Man da ya zube aka cike gurbinsa da wani jan mai da aka sayo tasha cikin gorar ruwa. Wanda ya yi aikin yaro ne ɗan garinmu, na san ubansa, an cire shi daga lakol yana CE2. Na zaro sandar awon man giyar na nuna masa rubutun da ke jikinta, inda kamfani ya faɗi irin man da za a zuba. Na ce, ka karanta wannan? Ya dube ni cikin ladabi ya ce: "Mushe, ai mai mai ne. Ja na gani, ja na zuba."

Ban ga laifin yaron ba, har yau ban gani ba. Laifin namu ne, mu malamai da ku iyaye, kuma a kan wannan nake son mu yi magana ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Mun mai da gareji bolar da ake zubar da yaron da aka ce boko bai karɓe shi ba, sa'an nan mu kwashi sauran ƴaƴanmu mu ɗora a bayan motar da ya gyara.

Bari in fara da kashe maganar nan ta mai mai ne, don ba yaron kaɗai ke faɗinta ba. Na ji ta a bakin alhazai masu motoci goma, na ji ta a bakin ma'aikata masu digiri. A-kori-kura ɗaya irin Hilux mai jan ƙafa huɗu tana shan ruwa da mai kala bakwai ko takwas, kowane da wurinsa, da awonsa, da aikinsa. Injin gazuwal na waɗanda suka fi yawa a hanyoyinmu yana cin wajen litir 7 idan an canza matata. Jarkar da ake sayarwa kuwa litir 5 ce ko 4. Sau nawa mai mota ya sayi jarka guda ya ce ai ta isa? Sau nawa kuma wani ya sayi biyu ya ce a juye duka, wai yawa ya fi kaɗan? Duka biyu ɓarna ce: kaɗan yana barin ƙarfe ya ci ƙarfe, yawa kuma yana sa mai ya yi kumfa, kumfa kuwa iska ce, iska ba ta shafe komai. Lambar nan ta 15W-40 da ke jikin jarka ba ado ba ce. Ta farko tana faɗin yadda man ke gudana da sanyi, ta biyu tana faɗin kaurinsa idan zafi ya kai digiri 100. Akwai kuma harafi: C na injin gazuwal, S na injin lisansi. Yaron da bai san C daga S ba, da me zai zaɓa, in ban da launin jarka?

Akwatin giyar hannu yana cin litir biyu da ƴan kai, kuma yawanci GL-4 ake so a ciki, mai kaurin 75W-90. Fon na baya, wato tulun da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun baya, shi GL-5 yake so, don haƙoransa suna gugar juna da matsi mai tsanani. A ido man nan biyu ɗaya suke, warinsu ma kusan ɗaya. Amma GL-5 yana da sinadarin farar wuta mai yawa, wanda ke kare haƙoran fon, kuma shi ne bai jituwa da zobban tagulla da ke cikin akwatin giya, waɗanda ke daidaita gudun haƙora kafin giya ta shiga. Shi ya sa za ka ga mota bayan an yi mata bidanji ta fara ƙara idan za a sa giya ta biyu, mai ita ya ce tsufa ne. Wani lokaci tsufan ne, wani lokaci jarka guda aka zuba ko'ina.

Na birki shi ne ke hana ni barci. Man birki, DOT 3 ko DOT 4, ba daga ɗanyen man fetur aka yi shi ba, wani sinadari ne daban. Idan aka zuba masa man inji ko jan man giya, ko da cokali ne, robobin da ke riƙe matsi suna kumbura su lalace. Ba a ranar abin ke nunawa ba. Sai bayan mako ɗaya ko biyu, mota ɗauke da mutane ranar kasuwa, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa. Kuma man birki yana shan danshin iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya wuce digiri 205, amma wanda ya sha danshi yana iya saukowa wajen 140. Don haka ake cewa a canza shi duk shekara biyu, kuma kada a saya daga gorar da aka buɗe tun bara. Ku tambayi direban da ke kai ƴaƴanku yaushe rabon da a canza nasa. Zai ce muku ana ƙarawa.

Yanzu ga abin da ya kwanar da mu a daji. Mota mai canza giya da kanta ba ta da faifan amburiyaji da direba ke takawa. Abin da ke tsakanin inji da giya wani tulu ne cike da mai, a cikinsa akwai abu kamar fanka biyu suna fuskantar juna. Inji yana juya ta farko, ita ta watsa mai, man ya tura ta biyu, ta biyu ta ja mota. Wato man ne ke ɗaukar ƙarfin injin gaba ɗaya. A kan kwalta, da gudu daidai, fankokin biyu suna tafiya tare, zafi kaɗan ne. A cikin yashi kuwa, da kaya, a kan hawa, ta farko tana gudu ta biyu tana jan ƙafa, duk ƙarfin da bai isa ƙafafu ba sai ya koma zafi a cikin man. Waɗanda suka ƙera motar sun san haka, shi ya sa suka fitar da bututu biyu daga akwatin giya zuwa gindin radiyata: mai ya fita da zafi ta ɗaya, ya ratsa cikin wani ƙaramin bututu da ruwan radiyata ke kewaye da shi, ya koma da sauƙi ta ɗayan. Man nan ya fi jin daɗin aiki wajen digiri 80. Masana harkar suna da ƙa'idar cewa duk ƙarin digiri 10 ko makamancin haka a sama da nan yana raba tsawon ransa biyu. Idan ya wuce gona da iri sai ya ƙone, ya koma ruwan ƙasa, faya-fayan cikin giya su fara zamewa, zamewar ta ƙara zafi, har mota ta tsaya cak tana kuka. Bututun da yaronmu ya haɗa da tiyo, hanyar numfashin giyar ce ya toshe bai sani ba. A ƙasar da watan Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 a inuwa, motar da ke aikin yashi da kaya kamata ya yi ma a ƙara mata wani ƙaramin mai sanyaya man giya a gaban radiyata, ba a cire wanda ta zo da shi ba. Direbanmu ma da ya sa ta a L4 tun farkon yashi, da ya rage wa tulun wahala. Shi ma babu wanda ya taɓa gaya masa dalili.

Jan man ma ba ɗaya ba ne. Tsofaffin Hilux masu giya huɗu suna son wanda Toyota ke kira T-IV, masu giya biyar da shida suna son WS, na sitiyari kuma Dexron ne a yawancinsu. Duka jajaye ne, don rini aka sa musu, kuma rinin bai faɗi komai a kan abin da ke ciki ba. Akwatin gaba ɗaya yana riƙe da wajen litir 10, amma idan aka kwance kusar ƙasa litir uku ko ƙasa da haka ke fita, saura yana maƙale a tulu da bututu. Wanda ya ji an ce litir 10 ya zuba 10 ya kashe giya. Sababbin ma ba su da sandar awo sam, ana duba cikarsu ta wata kusa a ƙasa, kuma sai man ya kai wani ɗumi da littafin motar ya ƙayyade. Ku gaya mini yadda za a yi wannan aiki babu karatu.

Ruwan radiyata kuwa, wajen litir 10 ne shi ma, kuma mu da ruwan rijiya muke cika shi. Ku dubi gindin butar shayi da aka daɗe ana dafa ruwan rijiya a ciki, farin ɓawon nan da ke kamawa. Shi ne ke kama siraran hanyoyin radiyata. Ruwan da kamfani ya ce a zuba, mai launin hoda ko kore, rabi ruwa ne tsarkakakke rabi sinadari mai hana tsatsa da ɗaga ma'aunin tafasa. Idan mota ta fara zafi saboda ɓawo ya toshe ta, maganinmu shi ne a cire tamostat a jefar, wai ta ƙasar sanyi ce. An kashe ƙararrawa, ɓarawo yana cikin gida. A nan ina da jan kunne ga iyaye mata musamman: ruwan nan mai launi guba ne, kuma zaƙi gare shi. Idan maigida ya ajiye ragowarsa a gorar lemo a zaure, yaro ƙarami ba zai bambanta ba, kuma ƙoda yake kashewa.

To, wa ya kamata ya san duk wannan? Yaron da muka kai gareji. Ya aka yi muka zaɓe shi? Mun zaɓe shi ne don ya kasa karatu. Uba zai zo ya ce, Mushe, wannan kansa ba ya ja, zan kai shi wajen wane ya koyi kanikanci. Mu kuma mu ce to, Allah ya sa albarka, a zuci muna murna aji ya ragu da mutum ɗaya daga cikin tamanin. Na faɗi wannan kalma da bakina fiye da sau ɗaya, ba na ware kaina. Babu uban da zai ce ɗana ba ya gane komai, bari in kai shi ya koyi ba da magani a asibiti. Amma birkin motar da ke ɗaukar mutum ashirin, wannan a wurinmu aikin wanda ba ya gane komai ne.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa mini a majalisa. Za a ce manyan kanikawan Maraɗi da Damagaram da Tawa da yawansu ba su taɓa zama aji ba, amma sun riƙe Peugeot 404 da tsofaffin Land Cruiser shekara talatin a kan hanya. Gaskiya ne, kuma ina cire musu hula. Na san dattijon da ke kara kunne a jikin inji ya gaya maka abin da ke ciwo. Amma motar zamaninsu tana da haƙuri irin na jaki: mai iri biyu ko uku, ƙarfe mai kauri, komai a fili. Waɗanda ke shigo mana yanzu ba su da wannan haƙurin, kuma abin da suke so a rubuce yake, da Faransanci ko Ingilishi, a kan murfi, a kan jarka, a cikin littafin da ke aljihun gaban mota wanda ba a taɓa buɗewa ba. Kunne ba ya jin bambancin T-IV da WS sai bayan giya ta mutu. Dattawan nan su da kansu sun san haka. Wanda na sani, idan aka kawo masa sabuwar mota, jikansa ɗan 4e yake kira ya karanta masa.

Za a kuma ce talauci ne, man kirki tsada gare shi, na gora shi ne daidai aljihu. Ban raina wannan ba, ni ma albashi nake jira. Amma ɗan kasuwar nan da ya tsira da ƴan jikkuna a kan radiyata da jan mai, sai da motarsa ta yi wata huɗu a kan duwatsu kafin ya samo wani akwatin giya, kuma kuɗinsa ya sayi man shekaru. Araha ba ta ado. Kuma ba duk kuskuren ba ne na kuɗi. GL-4 da GL-5 kusan farashi ɗaya ne. Zuba litir 7 maimakon 9 ragi ne ma. Rabin ɓarnar da na lissafa a sama ba ta bukatar ko dala, karatu kawai take bukata.

Mu malamai kuwa, namu ya fi muni, don mu aka ba amana. Duk shekara muna koyar da awon ruwa a CE da CM. Mu zana jadawali a allo, hektolitir, dekalitir, litir, desilitir, yara su rera kamar waƙa, su matsar da waƙafi hagu da dama. Yaro zai juya hektolitir 3 zuwa santilitir a kan allonsa ya ci maki goma, amma ka miƙa masa jarka mai zane a gefe ka ce zuba mini litir biyu da rabi, sai ya tsaya yana kallonka. A rayuwata ban taɓa ganin wanda ya sayi dekalitir na komai ba. Mun koyar da digiri a darasin kimiyya ba tare da yaro ya taɓa riƙe ma'aunin zafi ba. Mun koyar da karatu da labarin yaran da ke zuwa bakin teku hutu, alhali rubutun da zai ci abinci da shi yana nan a jikin kwali da jarka da buhun taki da kwalbar magani. Sa'an nan idan ya gaji ya tafi, mu ce ba shi da kai.

Bayan abin da ya same mu na gwada wani abu, kuma ba ya cin kuɗi. Na roƙi tsofaffin jarkuna a gareji, na wanke, na kawo aji. Na rubuta a allo: inji litir 7, jarka litir 5, jarka nawa za a saya, nawa zai rage? Na ba su jarkuna huɗu na ce su nemo mini wadda aka rubuta DOT 4. Yaran bayan aji, waɗanda ba su taɓa ɗaga hannu ba, su suka riga kowa, don da yawansu da yamma a gareji suke. Ɗaya ya gyara mini yadda ake riƙe jarka a kan ƙasa mai daidai kafin a karanta zanen. Rana ta farko ke nan da na ga ya koya wa aji wani abu. Wani abokin aiki ya ce na mai da makaranta tasha. Na ce masa tashar ce za ta ɗauki rabinsu aiki.

Ƙasar nan tana da makarantun koyon sana'a, akwai CFM da CET a garuruwa, akwai lise ta fasaha ta Ɗan Kasawa a nan Maraɗi. Amma muddin iyaye na kallonsu a matsayin inda ake tura wanda ya rasa mafita, mu kuma muna ɓoye su ga ɗalibai masu ƙoƙari kamar abin kunya, to ba za su cika da waɗanda ya kamata ba. Yaron da ya iya lissafi kuma hannunsa ke son ƙarfe, a gaya masa kanikanci aikin masu kai ne. Wanda dole ta sa za a kai shi gareji tun yana ƙarami, Alhaji, Hajiya, don Allah ku yi sharaɗi da ubangidansa: safe lakol, yamma gareji, aƙalla har ya gama CM2 ya iya karanta abin da ke jikin jarka. Ubangidan da ya ƙi wannan sharaɗi, ɗan aike yake nema, ba almajirin sana'a ba.

Ku kuma kwamitocin iyaye da daraktoci masu ɗaukar shatar mota lokacin jarrabawa ko jigilar abincin kantin, kuna da haƙƙin tambaya kafin ku biya. Ku sa a buɗe bonet a gabanku. A zaro sandar man giya a goga a farar takarda: ja mai haske lafiya, ruwan ƙasa mai warin ƙuna a nemi wata mota, idan kuwa ya yi kama da nono da aka zuba wa ja, ruwan radiyata ya shiga ciki, kada yaro ko ɗaya ya hau. Ku leƙa gindin radiyata ku ga ko bututu biyun nan suna shiga inda ya kamata. Ku dubi kofin man birki. Ku rage kaya, don mu ma ranar nan mun ɗora wa motar abin da ya fi ƙarfinta, wannan kuwa ni na sa hannu. Minti goma ya isa duk wannan, kuma a yi shi kwana biyu kafin tafiya, ba a fafe gora ranar tafiya.

Yaron nan yanzu magidanci ne, yana da nasa garejin a bakin hanyar Dakoro da aparanti uku. Ya koma karatun dare na manya shekara biyu. Da na kai masa babur ɗina kwanan baya na ga ya rubuta awon man motoci biyar da gawayi a jikin bango, kowace da lambarta. Biyu daga cikin aparantinsa ba su kai shekara goma sha biyu ba, na tambaye su ajin da suke, suka ce an cire su bara.